Abokin Sana'a Ma Jari Ne: Abin Da Zama Da Juna Ke Ƙara Wa Ƙananan 'Yan Kasuwa

Duk wanda ya saba shiga Kantin Kwari a Kano ya san wannan. Za ka tsaya a bakin shago ka tambayi wata atamfa, mai shago ya ɗaga kai ya duba kanta, ya ga zanen da kake nema ya ƙare. Da wuya ya ce maka babu. Benci zai jawo maka, ya ce, "Bismillah Alhaji, yanzu za a kawo," ya yafito yaronsa ya yi masa raɗa. Yaron ya kutsa cikin layi, kafin ka gama gaisawa da maƙwabta ya dawo da turmi uku a kafaɗa. Kayan na wani shago ne, wataƙila ma a wani gidan daban. Ba a rubuta takarda ba, ba a ajiye ko sisi ba. In an yi ciniki, da yamma mai kaya ya karɓi kuɗinsa, mai shago ya riƙe abin da ya hau. In ba a daidaita ba, kaya su koma inda suka fito, gobe kuma shi ne zai saki nasa ga wancan.

Wanda ya tsaya ya lissafa jarin wannan ɗan kasuwa da abin da ke jere a kantarsa kawai ya yi kuskuren lissafi. Rabin ƙarfinsa yana hannun mutanen da za su saki kaya in ya aika, waɗanda za su kira shi su ce kwantena ta iso, ko su ce kada ya saro kaza domin farashinsa na shirin faɗuwa. Wani zai shigo kasuwar da kuɗin da ya ninka nasa, ya kama shago mai kyau, ya cika shi da kaya, shekara ba ta zagayo ba a ji an ce ya karye. Idan ka bincika, sau da yawa ba wayo ya rasa ba. Ba shi da wanda zai gaya masa gaskiya ne a kan lokaci.

A binciken da Hukumar Bunƙasa Ƙanana da Matsakaitan Sana'o'i, SMEDAN, ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, an ƙirga sana'o'i irin waɗannan miliyan 39.6 a Najeriya a ƙarshen 2020, alhali a 2017 sun kai miliyan 41.5. Kusan miliyan biyu ke nan suka ɓace cikin shekara uku. Fiye da kashi 90 cikin 100 kuwa 'yan ƙanana ne ƙwarai: mai tireda, tela, mai gyaran waya, mai POS, mai ƙosai, mai niƙa. Mutum ɗaya shi ne mai saro kaya, shi ne mai sayarwa, shi ne akawu, shi ne mai bin bashi. Banki ya yi masa nisa. A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, na bankunan kasuwanci kuma ya haura haka, ga batun jingina, ga kuma ɗimbin mutanenmu da ko kyauta aka ce su karɓi bashin ruwa ba za su karɓa ba saboda addini.

Akwai kuma wata damuwa da ba ta shiga ƙididdiga. Mai ƙaramar sana'a yana fama da tambayoyin da ba shi da inda zai kai su. A gida ba ya son a san ciniki ya ja baya, kada hankalin iyali ya tashi. Ga 'yan uwa ba ya son a san ciniki ya yi kyau, kada buƙatu su yi masa rubdugu. Yaron shagonsa yana ɗan taɓa aljihun teburi, ya kore shi ko ya yi haƙuri, ga shi ɗan yayarsa ne? Wani babban kwastoma ya riƙe masa kuɗi wata huɗu, ya matsa masa ko ya lallaɓa? Irin wannan magana sai wanda ya taɓa ɗanɗana ta.

Daga ayari zuwa zango

A yau ƙasashen Turai da Amurka cike suke da ƙungiyoyin da masu kamfanoni ke biyan kuɗi su shiga, don kawai su zauna da takwarorinsu lokaci-lokaci su baje matsalolinsu. Bahaushe bai jira an koya masa wannan ba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa take, a ƙarni na 15, kuma fataucin da ya raya ta ba na mutum ɗaya ba ne.

Dubi cinikin goro na ƙarni na 19. Fatake kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yau, tafiyar watanni. Kowane falke da nasa jarin da nasa kayan, riba tasa, asara tasa. Amma babu mai fita shi kaɗai. Ayari yana da madugu, wanda ya san hanya da sarakunan da ke kanta. Yana da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki mai kula da abin da za a biya na fito da kuɗin hanya. Harajin da falke ɗaya zai biya a wulaƙance, ayari kan yi cinikinsa a rage. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya rubuta littafi kan wannan fatauci a 1980, ya nuna cewa rukuni uku ne suka mamaye shi: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Auratayya da asali ɗaya suka ɗaure 'yan kowane rukuni, kowa ya san gidan kowa, don haka cin amana yana da tsada. Daga cikin Agalawa Alhassan Ɗantata ya fito, mutumin Bebeji da ya fara da goro kafin gyaɗa, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na Sabo, unguwar Hausawa a Ibadan. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a can a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafinsa a 1969. Ya tarar da shanu na zuwa daga Arewa, ana sayar wa mahauta Yarabawa bashi, su yanka su sayar sannan su biya. Mai shanu baƙo ne, bai san mahauci ba, ba takarda, ba kotu, ba banki. Me ya hana dukiyarsa salwanta? Maigidan da ya sauke shi. Shi ke ba shi masauki da abinci, shi ke haɗa shi da dillalansa, shi ke tsaya masa in mahauci ya ƙi biya. Su kuma dillalan aikinsu ke nan kullum: sanin wane mahauci ne ke biya, wane ne bashi ya yi wa katutu, wane ne ya fara kwan-gaba-kwan-baya. Labarin yana zagayawa tsakanin masu gidaje, wanda ya ci kuɗin ɗaya ya rufe wa kansa ƙofar sauran. Dukiya mai yawa tana yawo a kan sanin halin mutane kawai. Har gobe haka ake yi a kara, daga Wudil da Maigatari da Potiskum har Legas, sai dai waya ta maye gurbin ɗan aike.

A Maraɗi ma, Emmanuel Grégoire ya rubuta labarin Alhazan birnin a 1986, yadda kowane attajiri ke da barorinsa da yaransa, yana ba su kaya suna juyawa har su tsaya da ƙafarsu. Sai dai wannan dangantaka ce ta sama da ƙasa, ta ubangida da bara. Tana da amfaninta, tana kuma da iyaka: yaro ba ya gaya wa maigida ya yi kuskure. Zaman tsara da tsara daban yake, kuma shi ne ya fi ƙaranci a tsarinmu.

Abin da aka gwada aka gani

Mai musu zai iya cewa ai masu nasara ne ke tara abokai, ba abokai ke kawo nasara ba. Tambaya ce mai kyau, kuma an gwada ta. A 2013 wasu masana tattalin arziki biyu, Jing Cai da Adam Szeidl, sun tattara kamfanoni ƙanana da matsakaita 2,820 a birnin Nanchang na ƙasar Sin. Suka jefa ƙuri'a. Waɗanda ta faɗa wa aka raba su rukuni-rukuni, mutum goma-goma, aka ce su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata har shekara guda. Sauran aka bar su yadda suke. Ba a ba kowa jari ba, ba a kawo malami ba. Yawanci ɗaya daga cikinsu ne ke karɓar baƙuncin sauran, ya zagaya da su wurin aikinsa, a tattauna, a ci abinci, a watse.

Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna kuɗin shigar masu haɗuwar ya ɗara na sauran da kashi 8.1 cikin 100. Riba ta ƙaru, abokan ciniki sun ƙaru, masu kawo musu kaya sun ƙaru, samun bashi ya yi sauƙi, tsarin gudanarwa ya gyaru. Shekara guda bayan an daina shirya musu zaman, bambancin yana nan. Waɗanda suka dace da abokan zama masu ƙarfi sun fi cin moriya.

Masanan sun yi wata dabara da ta tona halin ɗan Adam. Sun raɗa wa wasu membobi labari iri biyu: ɗaya kan wani tallafin kuɗi da kamfanoni za su yi takarar nema, ɗaya kan wata hanyar ajiya mai riba. Labarin ajiya ya bazu. Na tallafi kuwa, a rukunin da membobi ke sana'a iri ɗaya, sai aka riƙa danne shi. Ashe ba a Kwari kaɗai ake ɓoye wa maƙwabci lambar wanda ake saro kaya a wurinsa ba.

Kamfanonin Nanchang sun fi shagunanmu girma, da yawansu suna da ma'aikata gommai. Wanda ya fi kama da namu shi ne gwajin Dandora, wata unguwar talakawa a Nairobi, wanda shi ma aka buga a 2018. An raba mata masu sababbin ƙananan sana'o'i: wasu aka sa su aji aka koya musu lissafi da talla, wasu aka haɗa kowacce da wata mace da ta daɗe a irin sana'arta a unguwar. 'Yan aji sun koyi darasi, amma ribarsu ba ta motsa ba. Waɗanda aka haɗa da na gaba ribarsu ta ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100, kuma babban dalili shi ne an nuna musu inda za su saro kaya da sauƙi. Da ziyarar ta yanke, ribar ta koma gidan jiya. Labarin kasuwa ba ya ajiyuwa. Wanda ke da araha a watan Rajab ba lalle shi ne mai araha bayan Sallah ba.

A Habasha da Tanzaniya da Zambiya kuwa, Marcel Fafchamps da Simon Quinn sun haɗa shugabannin masana'antu a kwamitoci na ɗan gajeren lokaci. An san juna, an yi musayar lamba, amma abin da suka koya daga juna kaɗan ne. Wannan ya kamata masu shirya bita ta kwana biyu a otal su ji shi da kyau. Zumunta a ƙafa take, kuma haɗuwa ɗaya ba ta sa mutum ya buɗe maka littafin cinikinsa.

Asusun matan Maraɗi

Idan ana neman tsarin da ya fito daga ƙasar Hausa ya zagaya duniya, ga shi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani shiri a karkarar Maraɗi, ƙarƙashin wata ma'aikaciyarta 'yar ƙasar Nowe, Moira Eknes, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Daga adashi aka ɗauko shi aka yi masa kwaskwarima. A yau irinsa ya bazu a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, da membobi miliyoyi.

Ga yadda zaman yake. Mata kamar ashirin zuwa talatin su shimfiɗa tabarmi a gidan ɗayarsu, rana ɗaya a mako, lokaci sananne. A ajiye akwatin ƙarfe a tsakiya. A tsarin da ya yaɗu, kwaɗo uku ne a jikinsa, makullan suna hannun mata uku, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu. A kira suna, kowace ta miƙa zubinta a gaban kowa, masu ƙirga su ƙirga da ƙarfi, a faɗi jimla a maimaita, domin wadda ba ta karatu ta riƙe a ka. Akwai ɗan abin da ake warewa na taimakon gaggawa, don haihuwa ko rashin lafiya ko rasuwa. Wadda ta makara ta biya tara. Sannan mai son rance ta faɗi abin da za ta yi da shi. A nan ne zancen ke daɗi: wadda ta ce za ta sari gyaɗa ta yi ƙuli-ƙuli, take za ta ji wata ta ce mata ta dakata sai kasuwar jibi, wata ta ce mai injin bakin kasuwa yana cin mai, ta kai wa na bayan masallaci. Bayan wata tara ko shekara a fasa asusu a raba. Ƙungiyoyi da yawa na Musulmi sun sauya batun ƙarin da ake ɗorawa a kan rance, suka koma sayen kaya su sayar wa memba da riba sananniya, don kauce wa kuɗin ruwa.

Kuɗin da ke cikin akwatin ba shi da yawa. A ganina, rabin amfanin yana cikin waccan hirar ta gefen akwati. Adashin da muka saba da shi a birni, wanda mai karɓa ke bi shago-shago kullum, ya ɗauki zubin kwana ɗaya a wata a matsayin ladansa, yana taimaka wa mutum ya kame hannunsa, amma masu zubin ba su ma san juna ba. Ga kuma hauhawar farashi, wadda a Disambar 2024 ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Najeriya. A irin wannan shekara, wanda ya kwashi adashi a Janairu da wanda ya kwasa a Disamba adadi ɗaya suka karɓa, amma buhunan da za su saya ba ɗaya ba ne. Shi ya sa wasu suka koma adashin kaya, na shinkafa ko atamfa ko kayan ɗaki. Mutanen da ke zama tare ne kawai ke iya lura da irin wannan su gyara.

Wani gwaji a birnin Ahmedabad na Indiya ya taɓo wani abu da ya shafe mu kai tsaye. An gayyaci mata masu hulɗa da bankin SEWA horo na kwana biyu, wasu su kaɗai, wasu aka ce kowace ta zo da ƙawarta. Bayan wata huɗu, waɗanda suka zo da ƙawa su ne suka fi faɗaɗa sana'a, kuɗin shigar gidajensu ya fi ƙaruwa, kuma abin ya fi fitowa fili a wurin matan da al'ada ta taƙaita fitarsu. Matan aurenmu da ke sana'a a cikin gida, masu turaren wuta da humra da dambun nama da ɗinkin zamani, sun gano wannan da kansu. Da can yara ne ke kai talla da saƙo. Yanzu zaurukan WhatsApp ne: a nan ake sanin wane direba ne ke kai saƙo Abuja lafiya, wa ke kawo kwalabe da sauƙi, wace lamba ce ke tura alat na bogi. Sai dai zauren da ya kai mutum ɗari biyar ya zama kasuwa, kowa talla yake yi, babu mai sauraron wani. Waɗanda ke aiki su ne ƙanana, inda an san fuskar kowa da gidan aurenta.

Ranar da abu ya ɓaci

Shekarun nan ba su bar ɗan kasuwa ya huta ba. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Korona ta zo a tsakiya. Farkon 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi ɓatan dabo, ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, a Yuni aka saki naira ta nemi darajarta, a ƙarshen Yuli juyin mulkin Nijar ya sa aka sake datse hanyar Jibiya da Maraɗi da ta Illela da Ƙonni. A lokacin ƙarancin kuɗi, mutumin ƙauye da ya kawo hatsi ko dabba ba ya karɓar tiransifa, na birni kuma ba shi da tsaba. Cinikin da ya yiwu a lokacin, mafi yawansa a kan "na san shi, ba shi, ina tsaye" ya yiwu.

Haka gobara. A watan Maris na 2016 wuta ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano, a daminar 2022 kuma ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata kaya masu yawa. Kaɗan ne cikin 'yan kasuwarmu ke da inshora, ko da irin ta takaful da malamai suka amince da ita. Akan kafa gidauniya, manya su yi alkawari, amma kafin tallafi ya iso hannun mai ƙaramin shago an daɗe. Abin da ke tayar da mutum a makon farko shi ne abokin da ya ce ya zo ya raɓa a gefen shagonsa, da ɗan sarin da ya ba shi dila biyu ya ce in ya sayar ya kawo. Wannan alheri ba ranar gobara ake nemansa ba. Wanda bai je gaisuwar kowa ba, bai taɓa sakin kayansa ga kowa ba, ranar zai gane kurensa.

Inda gizo ke saƙa

Kada a ɗauka duk abin da aka kira ƙungiya alheri ne. Kusan kowane layi a manyan kasuwanninmu yana da ƙungiya, da shugaba da sakatare da ma'aji, kuma suna da ranarsu: sasanta rikici, tsaro, shara, tunkarar masu karɓar haraji. A Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, ƙasa duka ta ji a jikinta. Ƙarfi ne na gaske. Amma irin wannan ƙungiya ba wurin koyon sana'a ba ce, kuma da yawansu siyasa ta cinye su. A yi shekaru ana shari'a kan kujera, kuɗin kati ba a san inda ya shiga ba, shugaba ya fi kusa da gidan gwamnati fiye da layin da ya zaɓe shi.

Sannan haɗin kan masu sayarwa yana iya zama haɗin baki a kan mai saye. A 2024, da tsadar abinci ta yi tsanani, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta zargi wasu ƙungiyoyin kasuwa da ƙayyade farashi da hana baƙo sauke kaya, a Kano kuma hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta rufe wasu rumbuna a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, zargin da 'yan kasuwar suka musanta. Ko yaya gaskiyar kowane lamari take, iyakar a fili take: zaman da zai rage wa membobi tsadar saro kaya alheri ne, wanda zai hana mai saye samun sauƙi zalunci ne, kuma addini ya riga doka hana shi.

Mafi rauni duka su ne ƙungiyoyin da aka haifa saboda an ji gwamnati za ta raba kuɗi. Da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Kebbi a Nuwamban 2015, sharaɗin shi ne a shiga rukuni. Nan da nan rukunoni suka tsiro, wasu na gaske, wasu kuwa sunaye ne aka tattara a takarda, mutanen da ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba. Rigimar rashin biyan bashin ta ɗauki shekaru ana yi. Ba abin mamaki ba ne. Matan Maraɗi kuɗinsu suke ba juna, shi ya sa idon kowace ke kan akwati. Kuɗin da aka ɗauka na gwamnati ne babu mai jin kunyar maƙwabci a kansa.

Amana kanta tana da ƙofar da ɓarawo ke bi. Lokacin da MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, da yawa daga waɗanda suka yi asara aboki ne ko ɗan uwa ya ja su, shi ma da zuciya ɗaya. Uwar adashi da ta gudu da zubi, labari ne da kowace unguwa ke da irinsa. Maganinsa tsohon magani ne da Alƙur'ani ya yi umarni da shi a ayar bashi: a rubuta, a kafa shaidu. Yawancinmu muna jin nauyin cewa aboki ya sa hannu a takarda, sai abu ya lalace a rasa kuɗin a rasa abotar.

Akwai kuma waɗanda da'irar ba ta ɗauka. Tsarin Agalawa ya yi aiki ne domin na gida ne, wanda ba na gida ba yana waje. Har yau yaron da ubansa ba ɗan kasuwa ba ne, ko matar da aka auro daga wani gari, ko wanda ya bar aikin gwamnati ya buɗe shago da kuɗin sallama, su ne suka fi buƙatar abokan shawara, su ne kuma suka fi rasa su. A nan ne ya kamata SMEDAN da cibiyoyin ciniki irin su KACCIMA ta Kano su sa hannu. Abin da aka kashe a gwajin Nanchang bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da ribar da ya jawo, domin aikin hukuma a ciki shi ne haɗa mutane da tabbatar da sun zauna. Namu hukumomin sun fi son rabon kekunan ɗinki a gaban kyamara.

Mai sana'a kuwa ba sai ya jira su ba. Majalisa muna da ita a kowace unguwa, bayan La'asar ko bayan Isha'i, sai dai siyasa da ƙwallo sun cinye ta. Abin da ake buƙata mutum shida zuwa goma ne, kuma in za a bi darasin Nanchang, kada duka su zama masu sayar da abu ɗaya a layi ɗaya. Tela da mai yadi da mai wanki da guga da mai kayan kwalliya da mai kai saƙo sun fi amfanar juna fiye da teloli goma, domin kwastoman ɗaya na iya zama na kowa, kuma babu mai tsoron a ƙwace masa ciniki. A samu mutum ɗaya ko biyu da suka fi sauran daɗewa. A tsayar da rana, a riƙa zagayawa wurin sana'ar juna, domin abin da baƙon ido zai gani a shagonka cikin minti goma kai ka shekara kana wuce shi. Mai masaukin ranar ya faɗi abu ɗaya da ya dame shi, da adadi, ba "sai godiya" ba. Abin da aka faɗa a zaman ya tsaya a zaman. Kada a fara da kuɗi. In an yi wata shida ana haɗuwa ba fashi, an ga wanda ke cika alkawari da wanda ba ya cikawa, sannan a yi maganar zubi ko haɗa kuɗi a saro kaya a mota ɗaya, a kuma rubuta.

Mai karatu, in kana da sana'a, zauna yau ka ƙirga mutanen da za ka iya gaya wa ainihin cinikin da ka yi a watan jiya ba tare da ka ƙara ko ka rage ba. In ba su kai uku ba, fara neman su tun wannan makon. Rajista da kati da zaɓen shugaba duk za su iya jira.